Mai Zanen Kwamfuta a Gaban Maginin Tukwane: Ɗan Koyo Ne Ko Mai Gyara?

A cikin 'yan shekarun nan wata sana'a ta kafu sosai a manyan garuruwan ƙasar Hausa, watau sana'ar zane da kwamfuta. Duk wanda ya taɓa bayar da aikin katin ɗaurin aure, ko kalandar biki, ko fastar ɗan takara, ko bangon littafi, lalle ya taɓa zama kusa da ɗaya daga cikin samarin nan yana kallon yadda suke juya hoto da launi a fuskar kwamfuta kamar masu rufa ido. Akasarinsu da CorelDraw da Photoshop suka buɗe ido, wasu kuwa sun yi nisa har suna zane da alƙalamin lantarki a kan allon gilashi, ba tawada ba takarda. To, a cikin irin waɗannan ne akan sami wanda rana ɗaya zai rufe kwamfutarsa, ya naɗe hannun riga, ya nufi inda ake ginin tukwane ya ce shi koyo ya zo. Sai abokansa su bushe da dariya, su ce wane ya yi ci gaban mai haƙar rijiya.

Dariyar nan ba ta da tushe. Mai zanen da ya tafi koyon ginin tukwane ya yi dabara, kuma zanensa na kwamfuta ma zai fi kyau idan ya komo. Sai dai tafiyar tana da sharaɗi guda, wanda idan ya ɓace gara ma a ce bai je ba. Sharaɗin kuwa shi ne ya shiga gidan magini da niyyar ɗaukar karatu. Dalilin faɗin haka, ɗan boko yana da wata cuta wadda ba ya ganinta a jikinsa: da zarar ya ga sana'ar gargajiya, tun bai san kanta da gindinta ba, sai ya fara tunanin yadda zai gyara ta.

A ƙaddara saurayin nan ya isa ɗaya daga cikin garuruwan da suka yi suna a wannan sana'a, kamar Dawakin Tofa a Jihar Kano, ko Mirya ta ƙasar Damagaram, ya sami dattijon da ya yarda ya karɓe shi. Abin da zai fara ba shi mamaki shi ne ba za a ce ya gina kome ba. Idan ya gaji da jira ya ce, "Baba, yaushe zan fara gini?" amsar da zai samu ba za ta wuce, "Samari, ka san yumɓun tukuna" ba. Za a tura shi fadama ko bakin kududdufi ya haƙo yumɓu, ya ɗauko a ka, a shanya, a daka, a tsince tsakuwa da saiwoyi, a jiƙa ya kwana, sa'an nan a cuɗa shi da ƙafa har sai ya yi laushi. Ba a kuma yin gini da zallar yumɓu, domin yana motsewa idan ya bushe, ya tsattsage. Tilas a haɗa shi da yashi ko ƙaiƙayi ko garin tsingaro, watau a daka fasassun tukwane a zuba a ciki, don jikin tukunya ya sami ƙofofin da tururi zai bi ya fita lokacin gashi, kuma ta iya jure wutar murhu daga baya. Ashe tsohuwar tukunyar da ta fashe ita ce ke riƙe sabuwa.

Wannan darasi ne ga mutumin da ya saba buɗe sabon shafi cikin ƙiftawar ido. A kwamfuta kayan aiki ba sa ƙarewa, launi ba ya tsada, takarda ba ta yagewa. Wanda ya tashi a haka yakan manta cewa kowane abu yana da hali nasa, kuma halin abin shi ke nuna wa mai aiki iyakarsa.

Darasi na biyu ya fi na farko zafi. Kowace manhajar zane tana da wani maɓalli da ke warware kuskure, wanda da an latsa shi sai aiki ya koma yadda yake kafin hannu ya goce. Masu zane suna latsa shi ba adadi a kowace rana, har yatsunsu sun haddace wurinsa. Babu shakka maɓallin nan rahama ne, amma yana da illa a ɓoye, domin yana renon hannun da ba ya yanke shawara. Mai zane ya ja layi ya goge, ya sāke ja ya goge, har sai sa'a ta ba shi wanda ya yi kyau. Yumɓu kuwa yafiyarsa mai wa'adi ce. Yana ɗanye yakan yafe, a rushe a sāke. Idan ya sha iska ya fara tauri sai yafiyar ta ragu. Idan ya shiga wuta kuwa an rufe littafi. Masana kimiyyar yumɓu sun bayyana cewa idan zafi ya kai wajen digiri 500 zuwa 600 a ma'aunin Salshiyas, ruwan da ke ɗaure a cikin ƙwayoyin yumɓu yakan fita, daga nan kuwa ko shekara nawa tukunya ta yi a ruwa ba za ta koma laka ba. A daidai digiri 573 kuma ƙwayoyin yashin da ke ciki sukan kumbura farat ɗaya, su sāke motsewa wajen hucewa, kuma a irin wannan gaɓa tukwane da yawa ke tsagewa. Dattijon magini bai san waɗannan lambobi ba, bai kuwa bukace su ba. Ya san dai ba a jefa tukunya mai sanyi cikin wuta, sai an ɗumama ta a rana ko a kan garwashi. Ya san iskar hunturu tana busar da baki ta bar gindi a jiƙe, don haka yakan rufe sabon gini da tsumma. Ya kuma san cewa duk iya taka-tsantsan, ranar da aka jera tukwane aka lulluɓe su da itace da kara da ciyawa aka cinna wuta, wasu ba za su fito da rai ba. Saurayin da ya ji ƙarar fashewar tukunyar da ya yi mako yana gini, babu kuma maɓallin da zai latsa, ya koyi wani abu game da aiki wanda Photoshop ba ta iya koya masa.

Inda gardamar take sosai shi ne wajen ado, domin nan ne mai zanen kwamfuta ke ganin ya zo gida. Zai ce a ransa, gini dai na Baba ne, amma zane ai nasa ne. Nan ma zai sha mamaki. Fuskar kwamfuta shimfiɗaɗɗiya ce, tana da kusurwa huɗu, kuma ana ganin dukkan hoto a kallo ɗaya. Tulu ba shi da kusurwa, ba shi da farko ba shi da ƙarshe, kuma babu mai ganin fiye da rabinsa a lokaci guda. Zanen da aka fara a kafaɗar tulu tilas ya zagayo ya tarar da kansa, idan kuwa lissafi ya kuskure sai a sami giɓi ko cunkoso a mahaɗa, wanda ko yaro zai gani. Layin da yake miƙaƙƙe a takarda yakan karkace idan ya hau ciki mai tudu. Bugu da ƙari akwai lokacin yin zanen, domin idan yumɓu ya cika danshi tsinke zai kwaɓa shi, idan ya cika bushewa sai ya ɓarɓashe. Tsakanin waɗannan biyu akwai ɗan lokaci ƙanƙane wanda yatsa kaɗai ke gane shi.

Kayan adon ma ba su da yawa: totuwar masara ko murɗaɗɗiyar igiya da ake mirginawa a jikin ɗanyen gini ta bar sawu, da tsinken zane, da sumul ɗin dutse na guga, da jar ƙasa da ake damawa a shafa, da ruwan makuba, watau na ɓawon ɗorawa, wanda a wurare da dama ake yayyafa wa tukunya tana fitowa daga wuta da zafinta, ta yi duhu da sheƙi. Mai kwamfuta ya saba da miliyoyin launuka, kuma abin da ya gani a fuskar na'ura shi yake sa ran samu. A nan launi ba ya bayyana sai wuta ta gama magana. Ƙarfen da ke cikin yumɓu yakan yi ja inda iska ta ratsa, ya yi baƙi inda hayaƙi ya danne, shi ya sa tukunya ɗaya kan fito da dabbare-dabbare waɗanda ba wanda ya zana su.

Abin da ya fi kome muhimmanci kuwa shi ne adon tukunya yana bin aikinta. Ba a banza aka fi zuba zane a wuya da kafaɗa ba. Gindin randa yana binne cikin yashi a kusurwar ɗaki, gindin tukunyar miya kuwa baƙin hayaƙi zai rufe shi, to wa zai ɓata lokaci a wurin da ido ba ya kaiwa? Sawun igiyar nan mai kaushi kuma yakan taimaki hannu ya riƙe jiƙaƙƙen tulu kada ya suɓuce. A nan ya kamata a ɗan yi wa masu zanen zamani hannunka mai sanda. Sun mai da dagin Arewa kamar gishiri, ko'ina sai an barbaɗa shi, a katin biki, a kwalin sabulu, a fastar taro, ko ya dace ko bai dace ba, wai don abu ya yi kama da na gargajiya. Wanda ya zauna gaban magini zai gane cewa gargajiya ba ta liƙa ado don a ce an yi ado.

Duk wannan magana ba sabuwa ba ce a ƙasar nan, domin an taɓa yin irin wannan karo tsakanin sabon ilmi da tsohuwar sana'a, kuma tarihinsa yana nan a rubuce. A 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauki wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, wanda ya yi koyo a hannun Bernard Leach a Ingila, ya kuma sha fama da yumɓun ƙasar Gana a shekarun 1940. Bayan ya zagaya ƙasa ya zaɓi garin Abuja ta dā, wadda yanzu ake kira Suleja, ya kafa cibiyar koyar da ginin tangaran da ta fara aiki a 1952. A fadar Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ne ya ga tuluna na wata Bagwariya daga ƙauyen Kwali, mai suna Ladi, wadda ta koyi sana'ar tun tana yarinya a hannun wata 'yar'uwar iyayenta. Ladi Kwali ba ta amfani da keken juya yumɓu. Ita ce ke zagaya ginin da ƙafafunta tana jan yumɓu sama, sa'an nan ta zana kunama da ƙadangare da kada da hawainiya da kifi da tsuntsu a jikinsa. A 1954 ta shiga cibiyar, ita ce mace ta farko a cikinta. Ta koyi aiki da keke da tanderu, aka nuna kayanta a Landan a 1958 da 1959 da 1962, ta zagaya Amurka a 1972 tana gini a gaban jama'a, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Hotonta ne aka sa a bayan takardar naira 20 da aka fitar a 2007.

Kowa yana ba da wannan labari a matsayin nasara, kuma nasara ce. Amma akwai wani ɓangare nasa da ba a cika faɗa ba. Tulunan da Ladi Kwali ta gina a cibiyar an shafe su da ruwan tangaran, an gasa su a tanderu mai zafin da ya haura digiri 1,200. Sun fito da ƙarfi da ƙyalli, zanen ya fito raɗau, amma sun yi nauyi ainun, kuma jikinsu ya toshe. Sirrin randa kuwa yana cikin rashin toshewar nan. Ruwa yana tsattsafowa ta ƙananan ƙofofin jikinta, iska ta kwashe shi, ta tafi da zafi, abin da ya rage a ciki ya yi sanyi. Tulun da aka mai da tangaran ba ya sanyaya ruwa, kuma ba macen da za ta ɗora shi a ka zuwa rafi. Ya tashi daga kayan aiki ya koma kayan kallo, daga tsakar gida ya koma gidan tarihi. Ba laifin Ladi Kwali ba ne, kuma a yi wa Cardew adalci, shi kansa ya girmama tukwanen gargajiya ƙwarai. Abin lura dai shi ne, ko gyaran da gwanaye biyu suka haɗu suka yi sai da ya ci wani abu. To ina ga na saurayin da ya yi wata uku da fara taɓa laka?

A gefe guda kuma akwai misalin Muhammad Bah Abba, malamin makaranta a Jihar Jigawa, wanda ya fito daga gidan magina. Shi bai nemi ya sauya halin tukunya ba. Ya lura da yadda take sanyaya ruwa, sai ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma, ya sami ma'ajiyar da tumatir da gauta da alayyafo ke ƙara kwanaki ba su lalace ba, ba tare da lantarki ba. Wannan aiki ya jawo masa lambar yabo ta Rolex a 2000, ya kuma samar wa magina ciniki. Ilmin bokonsa ya yi amfani ne saboda ya fara da sanin aikin tukunyar.

Akwai kuma batun haƙƙi, wanda shi ne ya fi damuwa. Tun daga 2022, lokacin da manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su Midjourney da Stable Diffusion suka bazu, masu zanen kwamfuta a duniya suke kuka cewa an kwashe hotunansu daga intanet an ciyar da na'ura ba tare da izini ba, ga shi yanzu na'urar tana fitar da hoto cikin daƙiƙoƙi a farashin da ba za su iya gogayya da shi ba. Kukansu yana kan hanya. Amma ya kamata su tuna cewa magini ya riga su shiga wannan hali, ranar da bokitin roba da tukunyar alminiyam suka cika kasuwa. Ya kamata kuma su binciki kansu. Mai zanen da ya je ƙauye da wayarsa, ya ɗauki hoton zanen da wata tsohuwa ta gāda daga kakanninta, ya komo birni ya gyara layukansa a kwamfuta, ya buga a riguna da kofuna ya sayar da sunansa, me ya raba shi da na'urar da yake zagi? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Hausawa sun ce wanzami ba ya son jarfa, to abin da mai zane ba ya so a yi masa kada ya yi wa maginiya. Idan ya ɗauki zane ya nemi izini, ya ambaci mai shi da garinsu, ya kuma biya. Cewa wai zanen na gargajiya ne, ba na kowa ba ne, hujja ce ta wanda bai taɓa zama a gidan magina ba, domin su a tsakaninsu suna gane hannun juna kamar yadda ake gane rubutu.

Wasu za su ce duk wannan ɓata lokaci ne, tun da sana'ar tana kan hanyar mutuwa. Gaskiya ne ta ja baya, kuma 'ya'yan magina da yawa sun bar ta. Amma wanda ya leƙa kasuwa zai ga har yanzu ana sayen tandar waina da kaskon turaren wuta da asusu da tukunyar shuka furanni, kuma muddin wutar lantarki tana zuwa tana ɗaukewa, randa ba za ta rasa wurin zama ba. Wasu kuma, masu kishin al'ada fiye da kima, za su ce a bar magina yadda suke, kada ɗan zamani ya taɓa. Su ma sun kuskure, domin sana'ar ba ta taɓa tsayawa cik ba. Tukunyar furanni ai ba gadon kaka da kakanni ba ce, bukata ce ta zo magina suka amsa.

Saboda haka akwai abin da mai kwamfuta zai iya kawowa, bayan ya ci shekara ko biyu hannunsa cikin laka. Ya iya ɗaukar hoto mai kyau, ya san hanyar kai kaya gaban masu saye na nesa, ya iya auna sifar tulu ya adana ta. Irin aikin da Sylvia Leith-Ross ta yi lokacin da ta tattara tukwanen ƙasar nan a gidan tarihi na Jos, ta kuma wallafa kundinsu a 1970, yana bukatar mai ci gaba da shi, kuma kayan aikin yau sun fi nata sauƙi nesa ba kusa ba. Zai iya gwada sabon zane a kwamfuta kafin ya ɓata yumɓu, matuƙar ya san cewa tulu ne zai yanke hukunci.

Ɗaliban Sashen Hausa ma suna da rabonsu a ciki. Sana'a idan ta tafi da kalmominta take tafiya. Yara da yawa a birni a yau ba su san bambancin tulu da randa ba, balle shantali da indararo da tsingaro, alhali kuwa littattafan da ake karantawa a aji cike suke da waɗannan sunaye. A bakin magina kuma akwai sunayen kayan aiki da na matakan gini da na ire-iren zane, waɗanda kan bambanta daga Kano zuwa Sakkwato zuwa Damagaram. Mai zane yana iya ɗaukar sifar abu, amma sai ɗalibin harshe ne zai tambayi sunansa ya rubuta shi daidai, da karin sautinsa, da karin maganar da ke rataye da shi. Ɗalibin da ke neman abin da zai rubuta kundin kammala digiri a kai, ya bi saurayin nan zuwa gidan magini da littafinsa da na'urar ɗaukar murya, kuma gara ya je da rani, domin da damina akasarin magina suna gona.